Wa Ke Da Alhakin Rufe Ƙofar Gidan Hayar Ɗalibai?

Duk wanda ya taɓa shiga gidan hayar ɗalibai a Samaru ta Zariya, ko a Danbare kusa da sabon matsugunin Jami'ar Bayero, ya san yadda tsarin yake. Ɗakuna ne a jere, kowanne da ƙaton kwaɗonsa, amma sau da yawa babbar ƙofar gida a buɗe take kwana. Wanda ya dawo daga karatu ƙarfe sha ɗaya na dare ya bar ta don yana zaton akwai na baya, na bayan kuma bai san shi ne na ƙarshe ba. Mai gida yana can wata unguwa, ba a ganinsa sai lokacin karɓar kuɗin haya.

Ra'ayina shi ne, tsaron irin wannan gida ba zai samu ba matuƙar mazaunansa suna zama kamar fasinjojin da mota ta haɗa. Dole su haɗa kansu su riƙe gidan, da shugaba, da asusu, da aikin da kowa ya san nasa ne.

Kafin a ce na raina girman matsalar, bari in faɗi iyakar maganata. A ranar 22 ga Satumba, 2023, 'yan bindiga suka afka wa gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke Sabon Gida, wajen harabar makaranta, suka tafi da ɗalibai fiye da ashirin, akasarinsu mata. Ba a yi mako biyu ba aka ɗauki ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Babu ƙungiyar ɗalibai da za ta tare masu bindiga. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma, kuma Allah zai tambaye ta. Sai dai ko a irin wannan dare, tambayar farko da asuba ita ce: su wa aka ɗauka? Gidan da babu wanda ya san adadin masu kwana a cikinsa ba zai iya amsawa da wuri ba.

Akwai ƙasashen da ɗalibai suka daɗe da riƙe gidajensu da kansu. A garin Berkeley na jihar Kalifoniya a Amurka, wasu ɗalibai sun kafa ƙungiyar gama-kai ta gidajen kwana a shekarar 1933, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Yau tana ɗauke da ɗalibai kusan 1,300, kuma mazaunin gidajenta na haɗaka yana ba da awa biyar a mako ga aikin gida: girki, shara, gyare-gyare. Su suke zaɓen shugabanninsu, su suke kafa dokokin gida. Ba salon rayuwarsu nake tallata wa 'ya'yanmu ba. Abin dubawa shi ne, wanda yake share tsakar gida duk mako ya san fuskar kowa, baƙo ba ya ɓace masa. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka san gayya da adashe.

Addininmu ma bai bar wannan babi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir (RA) umarnin Manzon Allah (SAW) da a rufe ƙofofi da dare tare da ambaton sunan Allah, a kashe fitilu, a rufe ƙwaryar abinci. Sun kuma ruwaito daga Abu Musa (RA) cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, sai Annabi (SAW) ya siffanta wuta da abokiyar gaba, ya yi umarni da a kashe ta kafin barci. A gidan iyali an san mai zartar da wannan umarni, maigida ne yake zagayawa kafin ya kwanta. A gidan ɗalibai ashirin babu maigida. Idan Abu Dawud ya ruwaito cewa mutum uku a hanyar tafiya su naɗa ɗayansu shugaba, ina ga mutum ashirin da za su shekara a ƙarƙashin rufi ɗaya?

Wuta ce ta fi ba ni tsoro, don mun fi shirya wa ɓarawo fiye da ita. An ɗauke wutar lantarki, ɗaliba ta manta hita a cikin bokiti ta tafi aji, aka dawo da wuta ba ta nan. Tukunyar gas tana gefen katifa a ɗakin da ba a buɗe taga saboda sanyin hunturu. An shigo da janareta baranda don gudun sata, alhali hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, takan kashe mutum yana barci. Sannan ga abin da ba mu cika tunawa ba: ƙarafunan da muka toshe tagogi da su, da kwaɗon da muka danna a ƙofa, su ne za su hana mu fita ranar gobara. Don haka "a kulle ƙofa" rabin magana ce. Ina makulli yake kwana? Kowa ya san wurin, kuma zai iya kai hannu gare shi cikin duhu da hayaƙi? Akwai ƙofa ta biyu? Waɗannan tambayoyi ba mai amsa su shi kaɗai, sai an zauna.

Zaman nan kuwa ba ya buƙatar wani dogon tsari. A farkon zango a taru, a zaɓi shugaban gida da ma'aji, a raba makonnin rufe ƙofa, a ajiye littafi mai ɗauke da sunan kowa da lambar wani nasa. Daga ɗan abin da aka tara a sayi tukunyar kashe gobara da fitilar ƙofa mai aiki da hasken rana. A je a gaida mai unguwa da limamin masallacin layin, a san 'yan sintiri tun kafin a buƙace su, a rubuta lambar gaggawa ta 112 da ta ofishin tsaron makaranta a bango.

Akwai wurin da nake jin tsoron a zarce. Gidan Bahaushe yana da zaure, baƙo ya yi sallama ya jira, kuma Suratun Nur ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani. Dokar cewa baƙo ya tsaya a ƙofa har wanda ya zo wurinsa ya fito tana kan wannan turba. Amma Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane. Shugaban gidan da ya mayar da littafin sunaye hanyar leƙen asirin 'yan'uwansa, musamman a gidajen mata, zai sa kowa ya ɓoye fitarsa da shigarsa, littafin ya tashi a banza. Ya isa a san wane ya kwana a gida, wance ta tafi hutu.

Ku kuma iyaye, mun saba tambayar nawa ne kuɗin ɗaki, da ko akwai ruwa. Ranar da za ku kai yaro ko yarinya, ku taka ƙafa ku shiga. Ku girgiza ƙarfen taga ku gani, ku nemi ƙofa ta biyu, ku karɓi lambar maƙwabcin ɗaki. In kuka tambayi wa ke rufe ƙofa da dare aka yi shiru ana kallon juna, kada ku biya kuɗin tukuna.