Kada A Bar Hotunan Tafiya Wuri Guda

'Yan'uwa mata, ba kasafai ake ganin uwargida ta yi shirin tafiya biki wani gari, ko Umra, ko aikin Hajji, ba tare da ta jefa kwamfutar hannu a jaka ba, watau tabilet. Ita ce kyamara, ita ce kundin hotuna. To, a nan ne muke son jan hankalinku. A da, fim ɗin kyamara yana ɗaukar hoto 24 ko 36, a kai wa mai wanki, a sa a kundi, fim ɗin kuma yana nan ko da hoton ya lalace. Yau mace za ta ɗauki hoto dubu, amma duk suna cikin gilashi guda. In ya faɗi a tasha, ko aka zare shi a turmutsutsu, to, hoton kakar da aka ziyarta ya tafi ke nan, ga ta kuwa ta tsufa.

Shawararmu ita ce, kowane dare kafin a kwanta a kwafe hotunan ranar zuwa wuri na biyu. Yawancin Samsung Galaxy Tab suna da ramin memori. iPad ba ta da shi, sai dai a haɗa mata filashi. Amma fa a cire memorin ko filashin a sa cikin lalita, domin in yana jikin tabilet ɗin, ɓarawo ya haɗa ya kwashe.

Akwai kuma rumbun intanet. Google yana ba da giga 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos suke rabawa, Apple kuwa giga 5 a iCloud. Masu cewa Google Photos ba ya cika, labarin da ne, tun 1 ga Yuni 2021 aka rufe wannan ƙofa. Bidiyon kamu da na budar kai su ne masu cinye wuri, minti guda yakan ci wurin hotuna 20 ko fiye. A bari sai an sami waifai a masauki, don kada data ta ƙare a hanya. A duba kuma a tabbata hotunan sun hau, ba a ɗauka kawai ba.

Ga wani tarko. Idan iCloud Photos yana kunne, hoton da kika goge a iPad don samun wuri, ya goge a rumbun ma. Kina da kwana 30 ki ceto shi daga cikin waɗanda aka goge, bayan nan sai haƙuri. Turawa ƙanwa ta WhatsApp ya fi babu, amma yakan rage wa hoto kyau sai in an tura shi a matsayin fayil.

Abin da ya fi damunmu shi ne kalmar sirri. Mata nawa ne yaron shago ya buɗe musu adireshin Gmail ranar da aka sayi na'ura, suka yi godiya suka tafi, ba su san abin da ya rubuta ba? Haba mata! Wannan ai kamar ki gina rumbu ne ki bar mabuɗin a kasuwa. Ran da na'ura ta ɓata, hotunan suna nan amma ba ki da hanyar kaiwa gare su. Shi kuwa yana iya ganin hotunan cikin gida, waɗanda ko maƙwabci ba ki yarda ya gani ba. A canja kalmar kafin ranar tafiya, a rubuta ta a takarda a bar wa maigida ko a kulle a akwati, a kuma sa wa tabilet ɗin lambar kulle.

Ku kuma 'yan makaranta, wannan aikinku ne. Ku zauna da Mama ku nuna mata inda ake dannawa har ta iya da hannunta, domin ba da ku za ta hau jirgi ba.