Fim Ɗin Jaguar da Hausar Zango: Harshen da Baƙi Suka Ƙulla Abota da Shi

Tsakanin 1954 da 1955 ne Bafaranshen nan mai shirya fina-finai, Jean Rouch, ya ɗauki fim ɗin Jaguar, ko da yake bai fito ba sai 1967. Labari ne na samari uku da suka tashi daga Ayorou a yammacin Nijar, suka tafi cin rani ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau: Lam makiyayi, Illo masunci, da Damouré mai ɗan ilimin boko. Da suka isa sai suka rabu. Damouré ya sami aiki a wurin sayar da katako a Akra, Illo ya shiga dako a tashar jiragen ruwa, Lam kuwa ya nufi kasuwar Kumasi. Daga baya suka sake haɗuwa suka kafa teburin kayan koli, kafin su koma gida gab da faɗuwar damina su rabar da abin da suka samo.

Fim ɗin cike yake da raha, amma mai kallon da ya natsu zai hangi kaɗaici a ƙarƙashinta, musamman a wurin Illo, wanda yake ɗaukar kayan wasu a garin da ba wanda ya san sunan mahaifinsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin da ya tsamo waɗannan samari shi ne juna, da kuma 'yan arewa irinsu da suka riga su sauka.

Sai dai akwai giɓin da ya kamata ɗalibin Hausa ya lura da shi. An ɗauki hotunan ba tare da sauti ba, daga baya Damouré da Lam suka ɗora musu sharhi da Faransanci. Saboda haka mai kallo yana ganin baƙi suna ciniki, suna gaisawa, amma ba ya jin harshen da suke yi. A zangunan Gana kuwa, harshen da ya daɗe yana haɗa Bazabarme da Bafulatani da Bayarabe da Bamoshe shi ne Hausa. Haka abin yake har yau a Nima da Maamobi, inda mutane da yawa da ba su da kaka Bahaushe suke tashi da Hausa a bakinsu. A nan ne al'adar maigida ta yi ƙarfi: mutumin da zai ba baƙo masauki, ya tsaya masa, ya nema masa abin yi. Ko dokar korar baƙi ta 1969, wadda gwamnatin Busia ta kafa, ta girgiza zangunan ne kawai, ba ta raba su da harshen ba.

Wannan Hausa ce wasu ɗalibai suke yi wa dariya, suna ce mata gurɓatacciya, don masu ita kan ce "ya zo" ga mace da namiji, su kuma furta ƙ kamar k, ɗ kamar d. Wannan hukunci bai yi adalci ba. Harshen da dubban baƙi suka koya a kasuwa da masallaci da ɗakin haya, ba a aji ba, dole ya zubar da wasu ƙa'idoji don ya ɗauki kowa. Kuma bai tsaya a zango ba: waakye da tuo zaafi da koose da ake ci a faɗin Gana, wake ne da tuwo da ƙosai suka sauya riga.

Masu kishin daidaitacciyar Hausa suna da gaskiya cewa rubutu da jarrabawa suna bukatar ma'auni guda. Amma kiyaye ma'auni daban, raina karin harshe daban. Ɗalibin da ya kalli Jaguar, ya dace ya nemi muryar da fim ɗin bai ɗauka ba: ya saurari Hausar Nima, ya rubuta yadda take, ya kwatanta ta da ta Kano ko Maraɗi. Masu shirya fina-finan Kano ma suna da bashi a kansu, domin labarin baƙo da maigidansa a zango ya cancanci a ji shi da bakin masu shi.