Wanda Ya Tsira Bai Fi Wanda Aka Kashe Ba

A watan Yulin 2025 mummunan labari ya fito daga ƙauyen Banga a ƙaramar hukumar Kaura Namoda: 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 30 cikin waɗanda suka sace, bayan an harhaɗa kuɗin fansa an kai musu. Wasu sun dawo gida. Daji ɗaya suka kwana, yunwa ɗaya suka sha. Me ya raba wanda ya dawo da wanda bai dawo ba?

Da 'yan'uwana Kiristocin Kaura da Shinkafi da Zurmi nake magana, mu 'yan ƙalilan da ke kwana da fargaba ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi. Ranar Lahadi, lokacin ba da shaida, ɗan'uwa zai miƙe ya ce motar da ke gabansu aka tare a hanyar Shinkafi, su kuwa Ubangiji ya tsallakar da su don ba sa wasa da addu'a da zakka. A tafa, a ɗaga hannu. Godiya wajibi ce, ban musa ba. Amma can a benci na baya ga gwauruwa zaune, mijinta na cikin motar gaban. Me muka gaya mata ke nan? Addu'ar maigidanta ce ba ta kai ba?

Yesu ya riga ya toshe wannan ƙofa. A Luka sura 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rufta wa, ya nuna ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba. Abokan Ayuba da suka dage zunubinsa ne ya jawo masa masifa, su Allah ya tsawata wa. Ba a taɓa yi mana alkawarin harsashi zai kauce wa mai bi ba. Almasihu kansa bai tsallake gicciye ba.

Kada kuma mu jingina wa Allah aikin mutane. Bindigar nan wani ya sayar, hanyar nan infoma ya nuna. Ko a 2022 gwamnatin Zamfara ta tube Sarkin Zurmi bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga.

Fastoci da dattawan ikkilisiya, ku gyara mana bakin shaida. Wanda ya tsira ya gode wa Allah da tawali'u, sannan ya ɗauki kwanon hatsi ya je ta'aziyya gidan wanda bai dawo ba, Kirista ne ko Musulmi.