Zauren Kimiyya: Kalmodulin, mai jin sallamar kalsiyam

Da an ce kalsiyam, sai mu tuna ƙashi da haƙori, inda kusan kashi 99 cikin 100 na wanda ke jikinmu yake. Amma ba don ɗan ragowar ba, da zuciyarmu ba ta buga ba.

A cikin ƙwayar halitta kalsiyam kaɗan ne ƙwarai. Na waje ya ninka shi kusan sau 10,000. Idan saƙo ya iso, sai wasu ƙofofi su buɗe, ya kwararo ciki. Wa ke jin shigowarsa? Wani furotin ne, kalmodulin, wanda Wai Yiu Cheung a Amurka da Shiro Kakiuchi a Japan suka gano a 1970, kowa da nasa binciken.

Kalmodulin yana da gurbi 4 na kama kalsiyam. Da sun cika, sai siffarsa ta sauya, ya rungumi wani furotin da ke kwance, ya tashe shi aiki. A bangon jijiyoyin jininmu, wanda aka tasa ɗin ne ke sa tsoka ta tsuke. A ƙwaƙwalwa kuma, wani yake tasa mai taimaka mana riƙe karatu. Tsokar hannu da ƙafa kuwa, ɗan'uwansa troponin ke mata wannan aiki.

Bayan haka sai ƙwayar ta kwashe kalsiyam, kalmodulin ya saki, komai ya lafa. Yaron da aka haifa da kalmodulin mai tangarɗa, bugun zuciyarsa na iya rikicewa har ya rasa rai.

Tambayar mako: me zai sami tsoka idan aka kasa kwashe kalsiyam ɗin? Muna jiran amsoshinku.