Algaita Tana Buƙatar Sabon Kiɗa, Kirari Bai Ishe Ta Ba

Duk shekara, idan an yi hawan salla a Kaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, 'yan boko sukan ɗaga wayoyi su ɗauki hoton mai algaita, kumatunsa sun kumbura, sannan su watsa a Facebook tare da addu'ar Allah ya raya al'ada. Da an sauke sirdi, sai a manta da shi har wata sallar. Wannan yabo yana cikin abubuwan da suke kashe algaita, domin ya mayar da sana'a mai rai kayan ado. Abin busa yana rayuwa ne idan ana ƙirƙira masa sabon kiɗa, ana kuma biyan mai busa shi.

Tarihin kilarinet, wani abin busa na Turawa, ya isa hujja. Wani maƙerin kayan busa, Johann Christoph Denner, ya fito da shi a birnin Nuremberg na Jamus wajen shekarar 1700. Martabarsa ta samu ne ta hannun mabusa waɗanda suka ja hankalin masu tsara kiɗa. Saboda Anton Stadler ne Mozart ya tsara kiɗan mutum biyar a 1789, da wani babban kiɗa a 1791. Brahms ya riga ya yi niyyar ajiye alƙalami, sai ya ji busar Richard Mühlfeld a 1891, ya dawo ya tsara masa ayyuka huɗu zuwa 1894. A Amurka, Benny Goodman ya sa kuɗinsa Bartók ya tsara masa kiɗa a 1938, daga baya kuma Copland. Mafi yawan ayyukan nan na zaure ne: mutum biyu zuwa biyar, kowa da nasa abin kiɗa, masu sauraro suna zaune shiru.

Algaita ba ta gaza kilarinet wajen neman gwaninta ba. Jikinta itace ne da aka lulluɓe da fata, ramukanta 'yan kaɗan ne, amon kuma yana fitowa daga ɗan tsinke mai leɓe biyu da ke kaɗawa a cikin baki. Mabushin yana tara iska a kumatu, yana shaƙar wata ta hanci, sautin bai yanke ba. Mabusan Turai da yawa sai sun girma suke wahalar koyon wannan numfashi, ɗan gidan algaita kuwa da shi yake tashi. Sunanta ya zo daga Larabcin Magrib, abin da ke nuna ita ma baƙuwa ce da Hausawa suka karɓa suka sarrafa.

Masu cewa a bar ta yadda aka gada sun jahilci gadon. Algaita take take busawa, wato kirarin basarake cikin amo, kuma sabon basarake yakan samu nasa. Ƙirƙira tana cikin aikin tun asali. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya shahara ne da abin da ya tsara da kansa, haka ma Kassu Zurmi a fagen kiɗan maza. Da sun tsaya ga maimaita na magabata, da ba a san su ba. Ƙasar da ta haifi waɗannan ba ta da dalilin tsare mabusanta a ƙofar fada daren Juma'a da ranar salla kawai.

Wasu za su ce wa yake ta kiɗa alhali 'yan bindiga sun addabi Dauran da ƙauyukan Zurmi, hanyar Kaura zuwa Shinkafi ta zama abin fargaba. Maganar tana da nauyi. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara, kuma duk inda kasuwa da biki suka tsaya, abincin makaɗi ya tsaya. To amma wannan dalili ne na gaggawa. Sana'ar da ake koya daga uba zuwa ɗa, idan ɗan ya yi gudun hijira ya kama acaba a Gusau, ta yanke ke nan, zaman lafiya ba zai dawo da ita ba. A watan Janairu na 1941, a sansanin fursunonin yaƙi na Görlitz, Bafaranshe Olivier Messiaen ya gabatar da kiɗan mutum huɗu da ya tsara wa 'yan uwansa fursunoni, cikinsu har da mabushin kilarinet Henri Akoka. Har yau ana kaɗa shi a duniya.

Cikas na gaske shi ne raini. Likita ko lauya zai yi liƙi ga mabushi, amma ba zai yarda ɗansa ya riƙe algaita ba, domin a wurinsa maroƙi ne. Baƙi sun fi ganin darajar abin. A 1971 David Ames da Anthony King suka wallafa ƙamus na kiɗan Hausa. Daga 1981 zuwa 1985, shahararren mabushin Amurka Yusef Lateef ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana nazarin sarewa. A gida kuwa, ɗakunan haɗa waƙoƙin fim sun rungumi fiyanon Yamaha, wanda yake kwaikwayon amon busa ba tare da an biya mabushi ko sisi ba.

Gyaran bai fi ƙarfin masu karanta wannan shafi ba. Ƙungiyar 'yan asalin gari ɗaya za ta iya ware abin da ake kashewa a liyafar aure guda, ta ba mai algaita da mai sarewa da mai kukuma da mai kalangu aikin tsara sabon kiɗa na minti goma, wanda ba yabon kowa ba ne. A biya su ladan aiki da yarjejeniya a rubuce, a naɗi sautin da kyau, a sa sunan kowannensu a kai. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda tun 1983 tana da zaure, Jami'ar Tarayya ta Gusau ma haka. Algaita tana da ƙara, don fili aka yi ta, saboda haka shigar da ita zaure zai tilasta wa mabusa da masu sassaƙa ta su nemo sababbin dabaru, kamar yadda aka yi ta ƙara wa kilarinet maɓallai har ya kai siffarsa ta yau.

Mabushin da aka biya don ya ƙirƙira zai ga amfanin koya wa ɗansa. Wanda ake tunawa da shi sau biyu a shekara zai shawarci ɗan ya nemi wata sana'a, kuma ba wanda zai ga laifinsa.