Lafiya Lau, Alhali Ba A Runtsa Ba

Babu tambayar da Bahaushe yake yawan yi kamar ta barci, babu kuma wadda ake mayar wa amsar ƙarya kamarta. "Ina kwana?" "Lafiya lau." "Yaya gajiya?" "Babu gajiya." Mai amsar idonsa ya yi jawur, yana ta zabga hamma, amma ladabi ya hana shi cewa daren jiya a zaune ya yi shi. Ban ce a sauya gaisuwa ba. Abin da nake so mu yi a nan shi ne mu leƙa bayanta.

Cikin bazarar da ta wuce na je ƙauyenmu, can arewa da Dambatta, ɗaurin auren wata ƙanwata. Don a karrama ni aka sauke ni a sabon ɗakin da ɗan Baffana ya gina da kuɗin cirani: ginin bulo, kwano mai sheƙi, taga ɗaya, babu silin. Da azahar ko minti biyar ban iya yi a ciki ba. Bayan lisha na shiga na dafa bango, sai na ji shi kamar tandar da aka gama toya waina. Na ja tabarma tsakar gida, sauro ya yi min maraba. Wajen ƙarfe biyu na ji tari daga zaure. Baffa ne a kan buzunsa, carbi a hannu, ɓarin goro a kunci.

"Baffa, ba ku kwanta ba?"

"Na kwanta, ɗan nan. Shi ne ya ƙi zuwa. Ya fi wata biyu muna wannan wasan da shi."

Gari na wayewa maƙwabci ya leƙo: "Malam, an tashi lafiya?" Baffa ya ce lafiya lau, ko ƙifta ido bai yi ba.

Mutanen birni sun ɗauka rashin barci ciwon ɗan boko ne, mai albashi da tunanin kuɗin haya, shi kuwa manomi da ya sa haƙarƙari a ƙasa shi ke nan. Wanda ya san ƙasar Dambatta da Makoɗa da Bichi da Minjibir ba zai faɗi haka ba. Yanki ne da gona ke haɗe da gona, ƙauye na hango ƙauye. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi shekaru yana nazarin yadda ake noma wannan ƙasa kowace shekara ba tare da an bar ta ta yi saura ba, da takin dabbobi da jujin gida ake riƙe da ita. Mutanenta ma haka suke. Damina noma, kaka girbi da sussuka, rani kuma ko a tafi cirani ko a gangara bakin madatsar Tomas ko ta Watari, a kwana ana ban-ruwa, a kuma kwana ana gadin inji saboda ɓarayi. Ita gona ana kai mata taki. Mai gonar da goro da shayi yake riƙe kansa.

Bari in daɗe a kan maganar ɗaki, domin a ganina nan ne aka fi yi mana sata ba mu ankara ba. Jikin ɗan Adam sai ya ɗan yi sanyi daga ciki kafin barci ya kama shi sosai. A 2015 wani masani a Amurka, Jerome Siegel, da abokan aikinsa suka bibiyi barcin wasu al'ummu uku da ba su da wutar lantarki: Hadza a Tanzaniya, San a Namibiya, da Tsimane a Bolibiya. Suka tarar ba faɗuwar rana ce ke kwantar da su ba, sukan yi wajen awa uku suna hira bayan duhu. Barcinsu yana bin saukar zafin dare ne, su farka daidai lokacin da gari ya fi sanyi, gab da fitowar rana. Awa shida zuwa bakwai suke samu, kuma da wuya ka ji mai kukan barci ya ƙi zuwa. To mu a nan, watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, mun kuma gina ɗakunan da ke tara shi da rana su sako mana shi da dare.

Kakanninmu suna da tsari, ko da ba su kira shi da wani suna ba. Soro mai kaurin bango da rufin azara yana riƙe sanyin asuba har azahar, shi ya sa ake iya ƙailula a cikinsa. Da dare kuma in ya ɗau ɗumi a fito tsakar gida, maza a ƙofar gida ko dandali. Barci kashi biyu ke nan, na rana da na dare, ɗaya na cike gurbin ɗaya. Ba na zagin kwano. Duk wanda ya taɓa kwana yana tarar yoyo da kwanon tuwo, ko ya sha yaɓe kowace shekara kafin ruwan farko, ko ya ga soro ya rufta wa mutane a tsakiyar Agusta, ya san dalilin da ya sa aka guje shi. Giginyar da ake fasa azara ma ta yi wuya. Sai dai mun ɗauko kwano mun bar abin da ke tafiya da shi. Kuɗi kan ƙare a kan rufi, a ce silin sai baɗi, baɗin kuma ba ta zuwa. Ɗakin da ba a iya shiga da rana ya kashe ƙailula. Ana cikin haka wasu suka fara kallon mai kwanciya bayan azahar a matsayin raggo, alhali abu ne da malamanmu suka daɗe suna kwaɗaitarwa a kai.

Gyaran kuwa bai kai tsadar da ake zato ba. Ko zana ce ko tsofaffin tabarmi aka ɗaure ƙarƙashin kwano, an raba kai da wuta. Taga ta biyu a bangon da ke kallon ta farko ta fi fanka mai caji da ke mutuwa ƙarfe ɗaya. Darbejiya a yammacin ɗaki tana tare ranar la'asar, wadda ita ce ke dafa bango. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe mutane da yawa, hukuma ta shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti don ya mayar da hasken rana, ɗakunan suka rage zafi. Ban ga abin da zai hana ƙananan hukumominmu gwada wannan a kan rufin makarantu da asibitocin ƙauye ba, mutane su gani da idonsu. Gidan sauro kuma, wanda wasu suka mayar shingen lambu, da shi ne kwanan waje zai yiwu ba tare da an saya wa kai zazzaɓi ba.

Sai goro. Na san nan zan ɓata wa dattawa rai. Sinadarin da ke wartsake mai cin goro shi ne dai wanda ke cikin ganyen shayi da Nescafé da lemukan ƙarin kuzari da samari ke kwankwaɗa. Aikinsa shi ne ya toshe saƙon gajiyar da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun safe. Gajiyar tana nan, kai ne ba ka jin kiranta. Kuma ba ya saurin fita: bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan a jini. Goron da aka ɓara bayan la'asar yana aiki har bayan lisha, na bayan magariba kuwa shi ke zaune da kai a zaure ƙarfe biyu. Baffa yana cin goro da dare ne wai don ya rage masa kaɗaicin zaman da goron ne ya jawo shi. Samari kuma teburin mai shayi ne majalisarsu har sha ɗaya, a ce a ƙara ganye ya yi kauri, daga nan a koma ɗaki da wayar da aka karɓo daga mai cajin sola, a bi TikTok da fassarar finafinan Indiya har zakara ya fara. Hasken da ke dukan ido yana jinkirta agogon jiki, agogon nan da binciken yadda yake aiki ya sa aka ba wasu masana uku kyautar Nobel a 2017. Asuba kuwa ba ta jinkirta wa kowa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne inda ake kai kukan. Ba a zuwa asibiti don barci, kunya ake ji. Kemis ake zuwa a ce "ba ni na barci," a ƙirgo ƙwayoyi a ƙulle a leda. Ni ma na taɓa faɗawa, shekarar da bashi ya sha min kai. Wani mai kemis ya ba ni 'yan ƙanana, daren farko na yi barci kamar an yi min duka. Bayan mako biyu ƙwaya ɗaya ta daina isa, ranar da na bari kuwa idona ya bushe fiye da da. Haka irin su diazepam suke, jiki yana sabawa da su, a tsofaffi kuma suna kawo jiri da faɗuwa. Mun ga inda maganin tari mai kodin ya kai 'ya'yanmu kafin gwamnati ta hana shi a 2018. Likitocin da suka ƙware a harkar ma ba da ƙwaya suke farawa ba. Sukan ce ka tsayar da lokacin tashi guda kullum, wanda sallar asuba ta riga ta ba mu kyauta. In ka kwanta ya ƙi zuwa kada ka yi ta juyi kana lissafi, tashi ka zauna a duhu da carbinka sai ya fara fizgarka. Ƙailula kuma kada ta wuce rabin awa, kada ta gangara bayan la'asar, in ba haka ba ta ci rabon dare.

Farkawa tsakar dare ma ba kullum ba ne cuta. Masanin tarihi Roger Ekirch ya nuna mutanen Turai kafin zuwan lantarki suna da barcin farko da na biyu, ya kuma kawo misalin Tibi na nan ƙasar da aka ji suna raba dare haka. Wanda ya tashi ya yi nafila ya koma bai yi asarar komai ba. Fargabar "na shiga uku, na farka" ita ke korar na biyun.

Akwai dai wanda asibiti ne maganinsa. Mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa ya farka a firgice, a auna jininsa, domin abin yana tafiya da hawan jini. Dattijon da fitsari ke tayarwa sau biyar, a duba suga da mafitsara. Wanda ya yi wata uku a haka, abinci ya fita ransa, ya daina shiga mutane, wannan damuwa ce, kuma zuwa asibitin Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano ba ya nufin an haukace. Akwai kuma wadda babu mai tambayar ta: matar gida, ita ce ƙarshen kwanciya, ita ce farkon tashi, goyo na tsotso tsakanin nan, da rana kuma in ta kishingiɗa a ce tuwo fa? Mutanen Tsanyawa da Shanono da ke kwana da kunne ɗaya saboda 'yan bindigar da ke tsallakowa daga iyakar Katsina, su kam babu shawarar da zan ba su. Barcinsu yana hannun hukuma.

Kafin in taho na sayi zana huɗu, muka ɗaura a ɗakin baƙi ni da yaran gidan. Na kuma roƙi Baffa ya bar goro daga la'asar. Ya dube ni ya ce shekara hamsin yana ci, ni ne zan raba su? Muka yi ciniki kamar a kasuwar Dambatta, aka tsaya a kan magariba. Makon jiya na kira shi bayan azahar, jikarsa ta ɗauka, ta ce in sake kira an jima, Baffa ya shiga ɗakin zana ya ce kada a tashe shi.