Masu Cewa "Sayi Kindle Kawai", Ku Saurara

'Yar yayata ta iso Gadarif a watan Disamba na 2023, cikin ayarin mutanen da suka baro Wad Madani lokacin da yaƙi ya ci garin. Jaka ɗaya ta riƙo. Littattafan da ta shekara goma tana tarawa, na Larabci da na Hausa da 'yan kaɗan na Turanci, suna can cikin kabad, Allah kaɗai ya san abin da ya same su. Yarinya ce da kan cinye littafi uku a mako, ga ta yanzu a ɗaki ɗaya da mutum bakwai, ba ta da ko takarda. Da ƙanena mai aiki a Jidda ya ji, sai ya ce zai saya mata na'urar karatu, ta faɗi wadda take so a ba mai zuwa ya kawo. Ta shiga tambayar mutane. Rabinsu kalma uku suka ba ta: sayi Kindle kawai. Sauran suka ce ɓarnar kuɗi ce, ai tana da waya.

Da ɓangarorin nan biyu nake rigima, domin dukkansu sun ba da amsa ba su tambaye ta komai ba. Kuɗin na'urar nan, ko mafi araharta, ya kai abin da zai ciyar da gida na ɗan lokaci, kuma sau ɗaya za a kashe shi. In aka yi kuskure, ba kantin da za a mayar wa da kaya daga nan.

Bari in fara da 'yan waya, don maganarsu ta fi sauƙin kashewa. Allon waya fitila ce da ake haska wa ido. Duk daƙiƙar da kake kallonsa yana shan batir, kuma da ka fita cikin rana sai rubutu ya dushe. Allon na'urar karatu wani abu ne dabam. Ƙananan ƙwayoyi ne cike da ɓurɓushin fari da na baƙi. Wuta kaɗan ke tura baƙin sama a inda ake son harafi, da zarar ya hau sai ya zauna a wurin ko da an yanke wutar. Wato allon yana cin caji ne a lokacin juya shafi, shi ya sa caji ɗaya kan kai makonni. Rana ma ƙara masa fitowa take yi, kamar tawada a kan allon almajiri. To mu da muke kwana muna sauraron dawowar wuta, mu da wayar nan ita ce bankinmu, ita ce fitilarmu, ita ce hanyar jin ko 'yan'uwa sun kwana lafiya, wane mai hankali ne zai ƙarar da cajinta a kan awa huɗu na karatu kullum? Wanda ke karanta shafi biyar kafin barci, waya ta ishe shi. Mai littafi uku a mako ba ta ishe shi ba.

Yanzu ga manyan abokan rigimata. Na san inda suka samo shawararsu. Sun ji ta ne daga masu gwada kaya a YouTube, mutanen Amurka da Ingila, waɗanda ke da wuta dare da rana, da intanet a kowane ɗaki, da katin banki da kowane kanti ke karɓa. A wurin irin wannan mutum, Kindle ƙofa ce zuwa kantin Amazon: ya danna, kuɗi ya fita, littafi ya shigo. Shawararsa gaskiya ce a ɗakinsa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu nawa ne a Gadarif ke da katin da kantin waje zai karɓa? Kuɗinmu a Bankak yake yawo, kuma Bankak ba ya sayen littafi a Amurka. In ka cire kantin daga lissafi, ka cire babban dalilin da ya sa suke yabon na'urar. Abin da ya rage shi ne tambayar da ba su yi ba: littattafan da ke hannunka, yaya za su shiga ciki?

Mu duba abin da ke hannun mai karatu a nan. Na farko, littattafan Larabci na zamani, irin waɗanda gidauniyar Hindawi ta Masar ke bayarwa kyauta. Waɗannan suna zuwa a tsarin EPUB, wanda rubutunsa ke miƙewa ya cika kowane allo, ka ƙara girman harafi yadda idonka ke so. Na biyu, manyan littattafan malamai, na fiƙihu da nahawu da tarihi, waɗanda aka ɗauki hoton shafukansu aka haɗa a PDF. Na uku, labaran Hausa da ke zagayawa ta WhatsApp da Wattpad, galibi rubutu ne zalla. Kowane ɗaya da buƙatarsa.

EPUB shi ne tsarin da yawancin duniya ke amfani da shi. Kobo na buɗe shi kai tsaye, PocketBook na buɗe shi, Boox ma haka: ka jona kebul a kwamfuta, ka jefa fayil, ka karanta. Kindle ba ya buɗe shi ta wannan hanya. Ko dai ka aika shi ta intanet zuwa Amazon su juya maka shi, hanyar da suka buɗe a 2022, ko ka juya shi da kanka a kwamfuta da manhajar Calibre, wadda kyauta ce. Duka biyu suna yiwuwa. Amma ku tuna watan Fabrairu na 2024, lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk ƙasar nan, mutane suka rasa hanyar aika ko da kuɗin burodi. Abin da muke kira shabaka a nan baƙo ne, yana zuwa yana tafiya. Kwamfuta kuwa ba kowane ɗan gudun hijira ke da ita ba. Duk matakin da aka ƙara tsakanin mai karatu da littafinsa, wata rana shi zai hana shi karatu.

PDF kuwa matsalarsa girma ce. Hoton shafi ba ya miƙewa. Ka ɗauki shafin littafin malamai, mai matani a tsakiya da sharhi a gefe da wasula sama da ƙasa, ka matse shi cikin allo mai inci 6, za ka ga tururuwa ne ke tafiya a jere. Wanda rabin karatunsa irin wannan ne, kada ya kalli abin da bai kai inci 8 ba, kuma in aljihu ya yarda, mai inci 10 ne nasa. Wanda karatunsa labarai ne, inci 6 ko 7 ya wadatar, ya fi sauƙin riƙewa, ya fi araha. Wannan ita ce tambayar da ta fi sunan kamfani muhimmanci, kuma ban ji ɗaya daga masu ba 'yar yayata shawara ya yi ta ba. Haka maganar wurin ajiya: labari ɗaya a EPUB bai cika wuce megabayit ɗaya ko biyu ba, amma mujalladi ɗaya na hoto kan ninka haka sau da yawa. Mai irin waɗannan ya nemi samfurin da ke karɓar katin memori. Wasu na PocketBook da Boox suna karɓa.

Sai harafinmu. Hausa tana da ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba, kuma in babu su sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wata kama dabam da 'yan'uwansa. Maganin yana nan: salo irin Charis SIL da Andika kyauta ne, an yi su don harsuna irin namu, kuma Kindle da Kobo duka suna barin ka saka salonka. Larabci kuma yana tafiya daga dama zuwa hagu, haruffansa na haɗuwa, ba kowace manhaja ke yi masa adalci ba. A nan zan faɗi gaskiya ko da ta taimaki abokan rigimata: Amazon ta fara sayar da littattafan Larabci a Kindle tun 2018, kuma na'urar ta iya jera Larabci. Hindawi ma tana bayar da littattafanta a tsarin da Kindle ke buɗewa. Wanda karatunsa duka daga can yake, Kindle ba zai cuce shi ba.

Amma akwai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a zuciyata, ita ce ta mallaka. Littafin da ka biya a waɗannan kantuna, izinin karatu aka sayar maka, kuma haka yake rubuce a sharuɗɗansu. A watan Yuli na 2009 Amazon ta miƙa hannu ta goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin mutanen da suka saya, saboda rikicin haƙƙin mallaka. Ta mayar da kuɗi, ta ba da haƙuri, amma duniya ta ga cewa hannun na iya shiga. A 2019 Microsoft ta rufe kantin littattafanta, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa. A ƙarshen Nuwamba na 2023 OkadaBooks ta Najeriya, inda marubutan Hausa da yawa ke sayar da labaransu, ta rufe. A ranar 26 ga Fabrairu 2025 Amazon ta cire hanyar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfuta don ka shigar da shi ta kebul. Kada a ce na ware kamfani ɗaya: kantin Kobo ma yana sa wa yawancin littattafansa makulli. Darasin dai ɗaya ne, zanen aro ba ya rufe katara.

Ina ganin mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Da yawa daga Hausawan Sudan jikokin mutanen da suka taso daga yamma ne, wasu a hanyar hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogi kusa da Sinnar. Abin da ya tsira tare da su shi ne abin da ya shiga gafaka ya hau kafaɗa. Yau ga jikokinsu sun sake ɗaukar jaka ɗaya. Littafin da zai amfane su shi ne wanda ke cikin jakar, wanda zai buɗu ba tare da neman izini daga wata kwamfuta a bayan teku ba. Littafin da ke zaune a asusun kamfani yana jiran shabaka, bambancinsa da wanda aka bari a kabad a Madani kaɗan ne.

Saboda haka ga abin da na ce wa 'yar yayata, kuma shi nake faɗa wa duk mai sayen farko. Ka buɗe wayarka ka ƙirga littattafai ashirin na ƙarshe da ka karanta, ka ga nawa ne PDF na hoto, nawa ne rubutu mai miƙewa. Wannan zai faɗa maka girman allo. Ka fifita na'urar da ke buɗe EPUB ta kebul. Ka sani Boox tana aiki da Android, za ka iya saka manhajojin karatu iri-iri, amma batirinta bai kai na sauran daɗewa ba. Ka bar mai launi: allonsa ya fi duhu, kuɗinsa ya fi yawa, kuma labari ba ya buƙatar ja da kore. Ka nemi mai fitilar ciki don daren da babu wuta. Ka sa kuɗin marfi a lissafi tun farko, domin ƙarƙashin allon gilashi ne siriri, matsi ɗaya cikin motar haya ya isa ya fasa shi, kuma samun mai gyara a nan wuya ne. Kada ka bar ta cikin zafin Afrilu a mota ko a taga, batir ba ya son zafi.

Kafin kaya su baro Jidda ko Alƙahira, ka tura wa mai sayen fayil uku: ɗaya na Larabci mai wasula, ɗaya na Hausa mai ƙugiya, ɗaya na hoton shafi. Ya kunna na'urar a can inda intanet take, ya gama duk rajistar da take nema, ya buɗe ukun, ya ɗauko maka hoto. Gani ya kori ji, kuma a can ne kawai ake iya mayar da kaya. Bayan ta iso, duk littafin da ya shiga ciki ka ajiye kwafinsa a memori dabam, ka ba wani amintacce kwafi na biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuwa Kindle aka ba ka kyauta, ko shi kaɗai ka samu na hannu da araha, karɓi abinka da hannu biyu, ka nemi mai kwamfuta ya koya maka Calibre. Na'ura ce mai ƙwari, ban taɓa musun haka ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauko amsar mutumin Landan a ɗora wa yarinyar da ta baro gidanta da jaka ɗaya, ba a tambaye ta me take karantawa ba.

Magana ta ƙarshe ga 'yan'uwana masu tara fayil. 'Yancin riƙe littafi a jaka bai halatta mana cin gumin marubuci ba. Marubuciyar Kano da ta kwana tana rubutu a waya ita ma tana da tukunya a kan wuta. Inda akwai hanyar biya, ko ta hannun ɗan'uwa a Najeriya ne, a biya.

Ita dai 'yar yayata da ta ƙirga, goma sha uku cikin ashirin hoton shafi ne. Ta aika wa kawunta cewa mai babban allo take so, ko da za a jira wata biyu a cika kuɗin. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, ya mayar da kowa ɗakinsa da littattafansa.